Tsakanin Sha'ul da Ɗalutu: Ma'ana da Asalin Sunan Sarkin Banu Isra'ila na Farko

Tsakure

Sarkin da Alƙur'ani Mai Girma ya ambata da suna Ɗalutu a Suratul Baƙara, shi ne littattafan Yahudu suke kira Sha'ul. Wannan maƙala ta bi diddigin sunayen biyu. Ta nuna cewa Sha'ul kalma ce ta Ibrananci mai ma'anar “wanda aka roƙa”, kuma saiwarta ɗaya da kalmar Larabci sa'ala. Ta kuma kawo saɓanin malaman tafsiri da na luga game da Ɗalutu: shin sunan ba'ajame ne, ko laƙabi ne da aka ciro daga tsawon jiki? An kammala da cewa ba a samo ɗayan sunayen daga ɗayan ba, kuma ya wajaba ɗalibi ya rarrabe abin da ya tabbata ta fuskar harshe da abin da yake ijtihadi ne ko hikima ta wa'azi.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya sanya saɓawar harsuna cikin ayoyinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƙissar Ɗalutu ta zo a Suratul Baƙara daga aya ta 246 zuwa ta 251. A taƙaice, manyan Banu Isra'ila a bayan Annabi Musa (AS) sun nemi wani annabinsu ya naɗa musu sarki domin su yi yaƙi saboda Allah. Da aka naɗa musu Ɗalutu sai suka yi gardama, suna ganin sun fi shi cancanta, ga shi kuma ba shi da yalwar dukiya. Aka amsa musu cewa Allah ne Ya zaɓe shi, Ya kuma ƙara masa yalwa a ilimi da jiki. Sunan Ɗalutu ya zo sau biyu kacal a cikin Alƙur'ani, a aya ta 247 da ta 249.

Ɗalibin da ya buɗe littattafan Ma'abota Littafi yana neman wannan suna ba zai same shi ba. Abin da zai tarar shi ne Sha'ul ɗan Ƙish, daga ƙabilar Binyaminu, wanda masana tarihi suke kintata mulkinsa a ƙarshen ƙarni na 11 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Fassarorin Baibul na Hausa suna rubuta shi Shawulu ko Saul. Wannan bambanci ya saba jefa masu karatu cikin ɗayan kurakurai biyu. Wasu sukan ɗauke shi hujjar cewa an yi kure wajen naƙalto sunan zuwa Larabci. Wasu kuma, da nufin kāre Alƙur'ani, sukan ƙirƙiro wa sunayen asalin da ba shi da madogara a ilimin harshe. Maganin duka biyun shi ne a san ma'anar kowane suna a harshen da ya fito.

2.0 Matsayin Irin Wannan Bincike a Wajen Malamai

Malamai sun yi saɓani a kan ko akwai kalmomin da ba na Larabci ba a cikin Alƙur'ani. Imamu Shafi'i (ya rasu 204 B.H.) da Imamu Ɗabari (310 B.H.) suna cikin waɗanda suka kore haka, yayin da Suyuɗi (911 B.H.) ya tabbatar, har ya keɓe wa mas'alar littafi mai suna al-Muhazzab. To amma wannan saɓani bai shafi sunayen mutane ba. Ƙurɗubi (671 B.H.) ya bayyana a gabatarwar tafsirinsa cewa babu jayayya a kan samuwar sunayen ajamawa a cikin Alƙur'ani, irin su Isra'ila da Jibrilu da Nuhu da Luɗu. Kalmar “ajamawa” a nan tana nufin duk waɗanda ba Larabawa ba, ba rubutun ajami da aka sani a ƙasar Hausa ake nufi ba.

Komawa ga harshen Yahudu domin fahimtar wani abu yana da asali a Sunna. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu ɗan Sabitu (RA) ya koyi rubutun Yahudu, ya kuwa ƙware a kansa cikin kimanin rabin wata. Bukhari kuma ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Ma'abota Littafi sun kasance suna karanta Attaura da Ibrananci suna fassara wa Musulmi da Larabci, sai aka hana a gaskata su ko a ƙaryata su. Ibn Taimiyya (728 B.H.) ya kasa irin waɗannan labarai gida uku: abin da nassinmu ya gaskata, da abin da ya ƙaryata, da abin da ya yi shiru a kai.

Akwai wani bambanci da ya kamata a lura da shi a nan. Cewa wata kalma tana da ma'ana kaza a Ibrananci hukunci ne na luga, ana tabbatar da shi da ƙa'idojin harshen. Cewa kuwa wani al'amari ya faru kamar yadda littafinsu ya ba da labari, wannan riwaya ce da take shiga cikin kason nan uku. Ambaton wuraren da kalmar ta zo a littattafansu a wannan maƙala na shaidar luga ne.

3.0 Sha'ul a Harshen Ibrananci

3.1 Saiwar kalmar

Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne a cikin harsunan Samawa, wato waɗanda ake jinginawa ga Samu ɗan Annabi Nuhu (AS). Dukansu suna gina mafi yawan kalmominsu a kan baƙaƙe uku. Ana rubuta Sha'ul da haruffa huɗu: shin, alef, waw da lamed. Uku daga ciki, wato shin da alef da lamed, su ne saiwa, waw ɗin kuwa na tsawaita wasali ne. Aikatau na wannan saiwa shi ne sha'al, wanda ke nufin ya tambaya, ya roƙa, ko ya nemi aro.

Mai ilimin Larabci zai ji ƙamshin sa'ala nan take, kuma bai yi kuskure ba. Akwai ƙa'ida sananniya cewa shin ta Ibrananci a kalmomi masu yawa tana zuwa a matsayin sin a Larabci. Shalom ita ce salam, shana ita ce sana (shekara), lashon ita ce lisan (harshe), nefesh ita ce nafs (rai), rosh kuma ita ce ra's (kai). Haka abin yake a sunaye: Moshe shi ne Musa, Shelomo shi ne Sulaimanu, Yishma'el shi ne Isma'ila. Saboda haka sha'al da sa'ala kalma ɗaya ce da harsunan biyu suka gada daga tushe guda. Daga wannan saiwa ce Hausa ta ari kalmar “mas'ala” da malamai suke yawan amfani da ita a zaure.

3.2 Sigar kalmar

Sigar da aka gina Sha'ul a kanta, mai wasalin a sannan doguwar u, ita ce sigar ismul maf'uli a Ibrananci. Misalinta katuv, abin da aka rubuta, da barukh, wanda aka yi wa albarka. Ke nan Sha'ul na nufin wanda aka roƙa, ko abin da aka nema aka samu. Takwaransa a ma'ana shi ne mas'ul na Larabci.

Wajibi ne a yi hattara da abubuwa uku. Na farko, kalmar Larabci sa'ul, duk da ta yi kama da Sha'ul a lafazi, ma'anarta mai yawan tambaya ce, wato mai aikatawa. Wanda ya fassara sunan da “mai yawan roƙo” ya juya ma'anar. Na biyu, mas'ul a Larabci tana ɗaukar ma'anar wanda za a tuhuma a kan amanar da aka ba shi, kamar yadda ta zo a hadisin da ya siffanta kowane mutum da makiyayi. Ma'ana ce mai kyau ga shugaba, sai dai ba ita sunan yake nufi ba. Kalmar Alƙur'ani da ta fi kusa da manufar sunan ita ce su'l a Suratu Ɗaha aya ta 36, inda aka sanar da Annabi Musa (AS) cewa an ba shi abin da ya roƙa. Na uku, baƙaƙen nan huɗu su ne kuma ake rubuta She'ol da su, wato makomar matattu a littattafan Yahudu. Wasali ne ya raba kalmomin biyu, kuma malaman Yahudu da ake kira Masora ne suka sanya wa nassinsu alamomin wasali tsakanin ƙarni na 7 da na 10 Miladiyya. Dacewar rubutu ba ta zama hujjar cewa ma'anarsu ɗaya ba.

3.3 Sunan a al'adar masu shi

Ba sarkin kaɗai ya ɗauki wannan suna ba. Littafin Farawa ya ambaci wani Sha'ul a jerin sarakunan Edom (36:37), da wani cikin 'ya'yan Shim'on ɗan Annabi Yaƙubu (46:10). Bayan sarkin da kusan shekara dubu, Bulus mutumin Tarsus, wanda shi ma ɗan ƙabilar Binyaminu ne, sunansa na Ibrananci Sha'ul. Akwai kuma She'alti'el, wanda ake fassarawa da “na roƙi Allah”. Wannan ya nuna cewa suna ne da iyaye suke raɗa wa ɗan da suka yi addu'ar samunsa, kusa da abin da Bahaushe yake nufi idan ya kira ɗan da aka daɗe ana jira Kyauta.

Da aka fassara littattafan Yahudu zuwa Girkanci a Iskandariyya, tun daga ƙarni na 3 kafin Miladiyya, sai sunan ya koma Saul, domin Girkanci ba shi da sautin sh. Ta wannan hanya ya shiga harsunan Turai. Shawulu kuwa ya fi kusa da lafazin asali, da kuma Shawul na littattafan Larabci.

3.4 Sunan a cikin labarin

Ko da yake sunan yanka ne, marubutan Littafin Shamwilu na Ɗaya (wanda fassarar Hausa ta kira 1 Sama'ila, kuma ba Annabi Isma'ila ake nufi ba) sun riƙa maimaita saiwarsa a duk inda aka zo batun sarauta. A sura ta 8 aya ta 10 an siffanta jama'a da masu roƙon sarki, da wannan saiwa. A sura ta 12 aya ta 13 annabinsu ya nuna musu shi a matsayin sarkin da suka roƙa, aka kuma sake kawo kalmar a aya ta 17 da ta 19, inda aka ɗauki roƙon a matsayin laifi. Mai sauraro Ba'ibrane duk lokacin da ya ji sunan sarkin, yana jin ana tuna masa cewa shi ya nema da bakinsa.

Wani abin lura shi ne saiwar ta zo sau bakwai a sura ta 1, a labarin haihuwar Shamwilu, wanda mahaifiyarsa ta roƙa daga Allah, har a aya ta 28 aka siffanta shi da kalmar sha'ul kanta. Wannan ya sa wasu manazarta na Turai suka yi zaton labarin asalinsa na haihuwar sarkin ne. Zato ne da ba a samu wani tsohon kwafi da ya tabbatar da shi ba.

4.0 Ɗalutu a Wajen Malaman Tafsiri da Luga

Malaman tafsiri na farko sun san sunan Ibrananci sarai. Ɗabari ya kawo riwayar da ta ce sunan Ɗalutu da Suryananci Shawul ɗan Ƙais ɗan Abyal, har zuwa Binyaminu ɗan Yaƙubu. Wannan nasaba ta dace da ta farkon sura ta 9 ta Littafin Shamwilu, inda aka ce ɗan Ƙish ɗan Abi'el, kuma ga ƙa'idar shin da sin ta sake bayyana a Ƙish da Ƙais. Bagawi (516 B.H.) shi ma ya ambaci Shawul ɗan Ƙais, ya ce sunansa ne da Ibrananci. Ke nan maganar cewa Musulmi ba su san ainihin sunan ba, ba ta da tushe. Sun san shi, sun rubuta shi, sannan suka tambayi dalilin da ya sa Alƙur'ani ya zo da wani. Amsoshinsu sun kasu uku.

Ra'ayi na farko shi ne an kira shi Ɗalutu saboda tsawonsa, daga kalmar ɗul. Bagawi ya tafi a kan haka, ya ƙara da cewa ya ɗara kowa tsawo daga kafaɗa zuwa sama, siffar da ta zo a Littafin Shamwilu (9:2) kuma ta dace da yalwar jiki da aya ta 247 ta ambata. Ta fuskar sarfu, asalin kalmar zai zama ɗawalut a ma'aunin fa'alut, irin na malakut da jabarut da rahamut, ma'aunin da ke nuna kai matuƙa a siffa. Sai wawun ya koma alif saboda yana da wasali kuma fataha ta gabace shi, kamar yadda ƙawala ta koma ƙala.

Ra'ayi na biyu shi ne sunan ba'ajame ne kamar Jalutu da Dawuda. Jawaliƙi (540 B.H.) ya sanya shi a littafinsa al-Mu'arrab. Zamakhshari (538 B.H.) ya kafa hujja da nahawu: sunan ya zo a aya ta 247 da fataha ba tare da tanwini ba, a ta 249 kuma da rufu'a ba tanwini. Suna ba ya rasa tanwini sai da dalilai biyu, ko ɗaya mai ƙarfin biyu. Kasancewarsa sunan mutum dalili ɗaya ne, to ina na biyun? In da Balaraben suna ne daga ɗul da an yi masa tanwini, domin ma'aunin fa'alut ba ya cikin masu hana shi. Bai rage ba sai ajamanci. Duk da haka Zamakhshari ya bar ƙofa a buɗe: yana yiwuwa kalma ce ta Ibrananci da ta dace da ta Larabci a lafazi da ma'ana, ya buga misali da sunan alkama, wanda ya yi kama a harsunan biyu.

Ra'ayi na uku na Ibn Ashur ne (ya rasu 1973), mai at-Tahrir wat-Tanwir. A wajensa Shawul shi ne suna, Ɗalutu kuwa laƙabi ne daga tsawo, wanda aka bi da shi yadda ake bi da sunayen ajamawa. Wannan ra'ayi ya haɗa hujjar ma'ana da ta nahawu, kuma ba baƙon abu ba ne ga mai karatu Bahaushe, wanda ya san yadda ake kiran mutum Dogo har a manta sunansa na yanka.

Daga cikin Turawa masu nazarin Gabas, Arthur Jeffery a littafinsa na 1938 kan baƙin kalmomin Alƙur'ani ya karkata ga cewa an gina sunan daga tsawo domin ya yi amo ɗaya da Jalutu, wanda shi kuma daga Golyat na Ibrananci yake. Jera sunaye biyu a amo ɗaya sananne ne a Larabci, kamar Haruta da Maruta, da kuma Habila da Ƙabila a littattafan tarihi, alhali na biyun Ƙayin ne a Ibrananci. Abin lura shi ne ɓangaren farko na maganarsa Bagawi ya riga shi faɗa da fiye da shekara 800.

5.0 Auna Ra'ayoyin

Abin da za a iya yanke hukunci a kansa shi ne cewa Ɗalutu ba Sha'ul ba ne da harshe ya jirkita. Babu wata ƙa'idar sauti da take mayar da shin zuwa ɗa, ko ta ƙara ta a ƙarshen kalma. In da an larabtar da sunan bisa ƙa'ida da an samu Sa'ul ko Shawul, kuma na biyun shi ne malamai suka rubuta. Sunaye biyu ne masu zaman kansu na mutum ɗaya.

Abin da yake ijtihadi shi ne asalin Ɗalutu. Hujjar Zamakhshari ta nahawu tana da ƙarfi, sai dai ba a san wani suna mai wannan lafazi da Yahudu suke kiran sarkin da shi ba. Ra'ayin laƙabi ya fi dacewa da siyaƙin ayar, amma yana buƙatar uzuri game da tanwini. Na Ibn Ashur ya fi kusa da tattara hujjojin, ba tare da ya kai matsayin yaƙini ba.

Sai kuma abin da yake hikima ce kawai. Sunan Ibrananci yana nuni ga abin da mutane suka yi, wato roƙo. Sunan da ke cikin Alƙur'ani, bisa ra'ayin laƙabi, yana nuni ga abin da Allah Ya bayar, wato yalwar da ta sa ya cancanta. Aya ta 246 ta tabbatar da aukuwar roƙon, ko da yake ba da lafazin sa'ala ba. Malaman tafsiri sun ce dalilin gardamar mutanen shi ne annabci yana gidan Lawi, sarauta tana gidan Yahuza, shi kuwa daga Binyaminu yake, kuma talaka ne, wasu suka ce mai sayar da ruwa, wasu suka ce majemi. Suka roƙi sarki, da aka ba su suka raina shi. Haka nan saiwar ɗul ita ce ta ɗaul, mai ma'anar wadata da falala, kamar yadda ta zo a Suratun Nisa'i aya ta 25 da Suratu Gafir aya ta 3. Wanda aka goranta wa rashin dukiya, sai ga sunansa yana ɗauke da amon wadata. Mai wa'azi yana iya jan hankali da wannan, da sharaɗin kada ya ce shi ne tafsirin ayar.

Daga ƙarshe, sanin cewa Ɗalutu shi ne Sha'ul ba ya lazimta karɓar duk abin da aka faɗa a kan Sha'ul. Littafin Shamwilu ya ba da labarin saɓonsa da hassadarsa ga Dawuda (AS) da mutuwarsa a Dutsen Gilbowa. Wasu daga cikin waɗannan sun shigo littattafan tafsiri da tarihi, kuma Ibn Kasir (774 B.H.) ya nuna akwai abin dubawa a sashensu. Alƙur'ani bai ambace shi ba sai da zaɓi da ilimi da jagoranci, kuma Bukhari ya ruwaito daga Barra'u ɗan Azibu (RA) cewa sahabbai sun kasance suna kwatanta adadin mutanen Badar, ɗari uku da goma sha wani abu, da adadin muminan da suka ƙetare kogi tare da Ɗalutu.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Sha'ul ismul maf'uli ne daga saiwar Ibrananci sha'al, 'yar'uwar sa'ala ta Larabci, kuma ma'anarsa wanda aka roƙa. Magabata irin su Ɗabari da Bagawi sun san wannan suna sun kuma naƙalto shi. Ɗalutu suna ne na daban, wanda malamai suka yi saɓani a kan ko ba'ajame ne ko laƙabi daga tsawo. Ana shawartar sassan nazarin addinin Musulunci su sanya gabatarwa a kan harsunan Samawa cikin darussan ilimin tafsiri, ko da gwargwadon sanin haruffa da ƙa'idojin dacewar sauti ne, domin ɗalibi ya iya auna irin waɗannan maganganu da kansa idan an kawo masa su a matsayin shubuha. Allah ne Mafi sani.